Shekarar da Baba Ya Fara Neman Gafara

Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa Baba ya yi sallama. Da hantsi ne, ba Juma'a ba, ba kuma wanda ya haihu ko ya rasu a danginmu. Wannan kaɗai ya isa ya sa gabana ya faɗi. Ni ce 'yar fari, kuma Baba irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari, ko sunana ba ya kamawa. Tun da aka kawo ni gidan mijina a nan Yelwa bai taɓa shigowa ba sai da dalili mai nauyi.

Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, bai sha ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Na zo ki yahe mini. Duk abin da niy yi maki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Ni da Allah bai yi ni da riƙe baki ba, sai na yi dariya na ce, "Baba, Makka za ka ba mu da labari?"

A wajenmu mutum yana bin gidaje neman gafara in zai tafi aikin Hajji, ko azumi ya ƙarato, ko likita ya ce za a yi masa aiki. Baba ba shi da kujerar Makka, azumi da sauran watanni, kuma ban ji an ce komai yana damunsa a jiki ba. Ya ce ba inda za shi. Na ce na yafe, ni ma ya yafe mini, ya miƙe ya fita. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana, na ga yadda rigar ta yi masa yawa. Ban ƙarasa tsintar shinkafar nan ba.

Baba ɗan kwana-kwana ne, duk rayuwarsa a aikin kashe gobara ya yi ta har ya yi ritaya. Amma mu da muka tashi a gidansa mun san wuta ba ita ce rabin aikin ba. A ƙasar Yauri ruwa ya fi wuta cin mutane. Yaro ya faɗa rijiya, su ake kira. Kwale-kwale ya kife, su ake kira. Shi kuma Baba ɗan masunta ne, a cikin gulbi ya girma, yana iya nutsewa ya daɗe har na waje su fara salati. Saboda haka duk inda ake bukatar wanda zai shiga, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu. Wanda yake riƙe masa igiyar kuwa mutum ɗaya ne tun suna samari, amininsa, wanda muke kira Baffa ko da yake ba mu haɗa jini ba. Baffa gajere ne mai ƙiba da surutu, Baba dogo siriri, mutane suna tsokanarsu da cewa turmi da taɓarya.

Ana saura kaɗan Baba ya ajiye aiki wani babban jirgin katako ya tashi da 'yan kasuwa daga wani ƙauye ta wajen Ngaski, ranar cin kasuwa, cike da mata da yara da buhuna. A tsakiyar tafki ya daki kututturen itacen da ke ƙarƙashin ruwa ya rabe. Ba zan faɗi yawan waɗanda suka tafi ba, domin har yau kowa da lissafinsa. Na dai san su Baba sun yi kwanaki a bakin ruwan, kuma da ya dawo gida fatar hannunsa ta yi fari ta tattare. Ya yi wanka, ya yi salla, ya kwanta. Bai ba kowa labari ba, mu ma ba mu tambaya ba. Wa zai tambaya?

Garin duka ya ƙaurace wa kifi na ɗan lokaci bayan wannan abu, ba sai an faɗi dalili ba. Daga baya masu banda suka sake hura wuta, kasuwa ta dawo, kowa ya koma cin abinsa. Baba ne bai koma ba. Mutumin da a da in Inna ta yi miya ba kan tarwaɗa sai ya ce ruwan zafi aka ba shi, ya zamana ko warin banda ya ji sai ya tashi daga wurin.

Ba rana ɗaya abin ya zo ba, shi ya sa ya shige mu. Da farko azumin Litinin da Alhamis ya kama, muka ce madalla. Sai azumin ya zama kusan kullum, buɗa bakin kuma ruwa da ɗan kunu. Ya daina zuwa majalisarsu ta gindin ɗorawa inda suke buga dara da Baffa suna zagin juna tun kafin a haife ni. Rediyonsa, wanda ko mu 'ya'yansa ba mu isa mu murɗa ba, ya ba wa maƙwabci. Takalman aikinsa na roba da ya adana a ƙarƙashin gado ya ba wa wani mai noman shinkafa a Shanga. Wata rana ya dawo daga kasuwa da farin yadi, ya ce Inna ta sa masa a akwati. Kowa ya san na mene ne, kuma tsofaffi da yawa suna yin haka, ba wanda ya ga aibu. Da safe bayan ya dawo masallaci sai ya fita shi kaɗai zuwa bakin gulbi, wai shan iska, sai rana ta yi zafi ya dawo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yabon. Duk inda na shiga sai a ce mini, "Kai, mahaifinku ya kama Allah." Limamin unguwa har misali yake bayarwa da shi. Ƙannena maza suna ta hura hanci, wai ubansu ya zama waliyyi. Da ya fara bin gidaje neman gafara kuwa, har da masu hawaye. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna a gidan suna ta ce irin wannan cikawa kowa yake roƙo. Na ce mata ai bai cika ba tukuna, yana nan da ransa. Ta sake ni tana kallona kamar na yi saɓo.

Ni na san Babana, kuma na san masu ibada. Kakata ta wajen uwa ta yi azumi har ƙarshen ranta, amma fuskarta a sake take, tana tsokanar jikoki, tana jin daɗin goronta. Baba kuwa idanunsa ne suka mutu. Ɗana ƙarami zai hau cinyarsa ya ja masa gemu, shi kuwa yana kallon bango. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ban san sunan abin da nake tsoro ba.

Na je na sami Inna a madafa na ce, "Inna, Baba ba shi da lafiya."

Ba ta ko juyo ba. "Mi kika gani?"

"Ba ya ci, ba ya magana, yana rabar da kayansa, yana sallama da mutane. Ina za shi?"

Ta ajiye muciya ta juyo. Inna mace ce mai sanyi, ban taɓa ganin idonta haka ba. "Kul! Ki kama bakinki. Mutum ya kama Ubangijinai ki ce ba shi da lahiya? Kar in ƙara jin wagga magana, ko nan ko waje."

Na fita ina huci, na yi kwanaki ban leƙa gidan ba.

Ana nan sai Baffa ya aiko in je. Na same shi a zaure yana shafa man zafi a gwiwa. Ya ce an aiko wa ƙungiyarsu ta tsofaffin ma'aikata cewa likitoci za su zo daga Birnin Kebbi su duba duk waɗanda suka yi aiki a hatsarin jirgin nan. Su duka sun ɗauka awon jini ne da na suga, wasu har suna sa ran tabarau. Da ya bincika sai aka ce masa ciwon damuwa za a duba.

"Wai a ga wanda ya taɓu cikinmu," in ji Baffa, ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. "In abokina ya ji haka ba shi zuwa."

"To yaya za a yi, Baffa?"

"Bar ni da shi. Ce mai zan yi fareti na, an ce kowa ya hallara."

Haka kuwa aka yi. Mutumin da ya daina zuwa suna da ɗaurin aure, da aka ce masa ana kira a ofis, sai ga shi ya sa an goge masa riga. Ɗan kwana-kwana ba ya jin kira ya zauna, ko da ya tsufa. Na hau kabu-kabu na bi bayansu ba tare da an gayyace ni ba.

Tsofaffin sun jeru a kan benci a farfajiyar ofishin, kusa da wata tsohuwar motar kashe gobara wadda ita ma ta yi ritaya, awaki suna kwance a inuwarta. Wasu na san su tun ina yarinya, lokacin suna da ƙirji da murya, yanzu duk sun sunkuya. Likitar da za ta duba su mace ce, an ba ta wani ɗaki mai bangon katako, to ashe duk abin da aka faɗa a ciki ana ji a waje. Ta tambayi na farko ko yana samun barci, kafin ya amsa wani daga benci ya ɗaga murya ya ce, "Ƙarya zai yi maki, likita, wanga ko a bakin aiki barci yake!" Aka fashe da dariya. Likitar ta fito, matashiya ce mai dogon hijabi da haƙuri, ta ɗauki kujeru biyu ta kai can gindin wani mangwaro inda ba mai ji.

Daga nesa muke kallo. Wasu suna zama kaɗan su taso suna murmushi. Wani tsohon direban mota, wanda ya fi kowa barkwanci a bencin, ya zauna ya daɗe, muka ga kafaɗunsa suna rawa, ya rufe fuska da hula. Daga nan dariyar benci ta ɗauke. Kowa ya shiga kallon ƙafarsa.

Da aka zo kan Baba na tashi na bi shi. Likitar ta tambaye shi ko ya yarda in zauna. Ya ce, "Wagga ko an kore ta ba ta tahiya." Na zauna a kan saiwar mangwaron.

Ta fara a hankali, da ladabi, tana ce masa Baba. Yaya cin abinci?

"Alhamdu lillahi. Azumi nike."

Barci fa?

"Alhamdu lillahi. Tsoho ba ya barci da yawa."

Akwai abin da a da yake jin daɗinsa, yanzu ya daina?

"Wasa na yara na, likita. Mun girma."

Yana jin kamar ya zama nauyi a kan iyalinsa? Yana jin kasala, ko baƙin ciki da ba ya wucewa? Kowace tambaya ta jefo, Baba yana da amsar da ba wanda zai iya ja da ita, amsa mai tsabta irin ta mutumin kirki. Ina zaune ina jin kamar in yi ihu. Na ga abin da zai faru: zai tashi daga kujerar nan an ce lafiyarsa lau, ya koma gida da shaidar likita a kan ta liman.

Sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, kowa ina yi masa wannan tambayar. Ka taɓa jin cewa gara a ce ba ka raye, ko tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka?"

Baba ya ɗago. "Subhanallahi. Musulmi kike tambaya wanga?"

Ta ba shi haƙuri, ba ta kuma janye idonta ba. Sannan ta tambaye shi yadda yake yin wuninsa, daga asuba zuwa dare. Ya ce masallaci, sai bakin gulbi, sai gida.

"Kamun kifi kake zuwa?"

"A'a."

"Akwai waɗanda kuke zama da su a can?"

"Ni ɗai."

"In ka zauna, me kake kallo?"

Ya buɗe baki, ya rufe. A karo na farko amsa ba ta zo ba. Na ga hannunsa yana murza gefen rigarsa.

Ban san lokacin da Baffa ya taso daga benci ba, sai ganinsa na yi a tsaye a bayanmu yana dogara sanda. Likitar ta ɗaga hannu za ta dakatar da shi, Baba ya ce a bar shi. Baffa bai dubi likitar ba, abokinsa ya duba.

"In ba ka hwaɗi ba ni zan hwaɗi," ya ce. Sannan ya juya gare ta. "Likita, aikinmu da ƙa'ida. Wanda ya shiga ruwa, in numfashinai ya kusa ƙarewa, sai ya ja igiya, ni kuma in jawo shi. Tun muna samari haka muke, bai taɓa saɓawa ba. Ranar jirgin nan, shigarshi ta ƙarshe, na jira, na jira, bai ja ba. Igiya na hannuna, ina jin motsinai, da ranshi, ba abin da ya riƙe shi. Bai dai ja ba. Da ƙarhi muka hiddo shi, mu uku. Da ya buɗe ido ya dube ni, wallahi ba godiya ce a idonai ba. Tun ran nan bai ƙara kallona ido da ido ba."

Ban taɓa jin wannan labari ba.

Can Baba ya yi magana, da wata murya ƙarama da ban san shi da ita ba.

"Na iske su cikin jirgin, can ƙasa. Mata da goyonsu. Ba kuka, ba kururuwa, kowa ya yi shiru. Sama kuwa in ka hito, iyaye na ihu, ana riƙe maka riga, ana tambayarka ina nawa, ina nawa. Ka miƙa wa mutum ɗanshi ya hwaɗi ƙasa. Ka koma, ka ɗauko wani. Can ƙasa ba mai tambayarka komi. Sanyi, da shiru. Sai na ji ban son hitowa."

"Har yanzu kana jin haka, Baba?" in ji likitar.

Akuya ta zo ta shinshina takalminsa ta wuce.

"Wani lokaci," ya ce.

Kuka nake yi ba sauti, ina jin haushin kowa, har da liman, har da tsohuwar gidan suna. Baffa ya zauna a ƙasa da ƙyar, da gwiwar tasa mai ciwo, ya dafa ƙafar abokinsa.

Likitar ta yi masa bayani ba tare da kewaye-kewaye ba. Ta ce wannan ciwo ne kamar hawan jini, yana kama waɗanda suka ga irin abin da ya gani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ta ce akwai magani, akwai kuma zama da za a riƙa yi da shi a asibiti. Ta ce daga yau kada a bar shi ya je bakin ruwa shi kaɗai, ta maimaita wannan tana kallona. Baba ya saurara kansa a ƙasa. Da muka miƙe ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Kar uwarki ta ji." Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Ya karɓi maganin, kuma har yau yana sha. Yana zuwa asibitin, Baffa yana raka shi yana mita a hanya. Ya ɗan yi ƙiba, wani lokaci har yakan tanka wa jikokinsa. Ban ce ya warke ba. Akwai makonnin da shirun yake dawowa, mu kuma sai mu shiga sa ido muna yi kamar ba ma yi. Amma abin da ba ya barin zuciyata shi ne yammacin ranar da aka yi wannan awon.

Daga ofishin kai tsaye gidanmu na wuce, na bar su Baba a masallaci za su yi la'asar. Na shiga da shirin faɗa. Na tanadi maganganu tun a kan kabu-kabu, zan ce wa Inna ga waliyyin nata, ga abin da ta hana ni faɗa. Na same ta a bayan ɗaki tana wanki, ta tara kayan Baba a gefe. Na tsaya a kanta na zazzage mata komai, igiyar, da jirgin, da abin da ya ce da bakinsa.

Ba ta yi salati ba, ba ta dafa ƙirji ba. Ta ci gaba da cuɗa wandon da ke hannunta, har na fara tunanin ko ba ta ji ni ba.

"Ni ke wanke mai kaya," ta ce a ƙarshe. "Da ya hwara zuwa gulbi, bakin wandon ɗai ke jiƙewa. Na ce ko alwala ya yi. Bara ya kai gwiwa. Da damana ta hwaɗi ya kai ƙugu. Shina tsayawa rana ya bushe kahin ya shigo, amma ruwan gulbi na barin shaida."

"Inna! Kin sani? Kin sani kika ce in kama bakina?"

"In ce mi? In ce ma wa?" Yanzu ta ɗago, idanunta jajur. "In hita in ce mijina na son ya kashe kainai? Mutumin da gari ke cewa na Allah na? In ya tahi a haka, ana cewa tsautsayi na, a yi mai salla da mutunci. In na buɗa baki, har ɗiyanku sai an nuna su da yatsa. Kullum in ya hita ina nan zaune ina jin ƙarar ƙohwa. Ke kina ganin barci nike?"

Duk maganganun da na tanada suka watse. Na durƙusa kusa da ita a cikin ruwan kumfa. Ta miƙa hannu cikin kayan da ba ta kai ga wankewa ba, ta jawo wata farar riga, ta buɗe ta a gabana. Wani layi ja-ja na laka ya ratsa ta daga hammata zuwa hammata.

"Wagga ta jiya ta," in ji Inna.

Na karɓi rigar na sa hannu a aljihun ƙirji. Har lokacin da danshi, da yashi a ciki.